Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar yarinyarmu

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdulillah yarinyarmu ta warware har ta koma makaranta, shi ne na ce bari in zo nan in yi godiya gaba ɗaya don wallahi ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba.

Godiya ta farko bayan Allah ta likitar yara ce da ta duba ta. Abin ya fara ne da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, ko ruwa ba ta iya haɗiya, washegari sai ga ƙuraje ƙanana a ƙirji da ciki, duk wanda ya leƙo sai ya ce ai baƙon dauro ne. Likita ta kama hannuna ta ɗora a cikin yarinyar ta ce Maman yarinya shafa ki ji, sai na ji kaushi kamar sanfefa, ta ce a baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, da hannu ake ganewa. Ta nuna min harshen ya yi jajir da ƴan tsiro-tsiro, ga hammata da lanƙwasar gwiwar hannu sun fi ko'ina duhu, kuma babu tari babu mura babu jan ido irin na ƙyanda. Ta ce zazzaɓin sikalet ne, ƙwayar bakteriya mai kama maƙogwaro ke kawo shi.

Amoksisilin ta rubuta na kwana 10 da farasitamol, ta hana asfirin, kuma ta ja kunnena sosai kar in tsayar da maganin don na ga jiki ya yi sanyi, saboda ƙwayar in ba a kashe ta ba tana iya taɓa zuciya ko ƙoda daga baya. Wannan maganar ce ta fi tsaya min a rai, dan Allah iyaye mu riƙe ta. Yanzu fatar yatsunta tana ɗayewa, dama likita ta ce za a ga haka, ba abin tsoro ba ne.

Nas ɗin da ta yi ta lallashinta, maƙwabciyata da ta ɗauke min ƙannenta biyu har aka wuce awa 24 da fara magani don kar su kamu, Yaya da ya biya kuɗin magani bai ko gaya min ba, malamanta na boko da Islamiyya da suka yi ta kira, Hajiya da ta kwana tana dama mata kunu mai ruwa-ruwa, da ku da kuka cika min waya da addu'a, na gode na gode. Allah Ya saka da alheri, Ya raya muku zuri'a, masu jinya a gida da asibiti Allah Ya tashi kafaɗunsu.