Da gasar ƙwallo nake lissafa shekaruna

Ni tela ne a Tudun Wadan Kaduna, kuma idan aka tambaye ni yaushe aka yi kaza a gidanmu, da gasar ƙwallo nake gano shekarar. Auren yayata daminar gasar kofin duniya ta Amurka ne, wato 1994. Na bar hannun maigidana na buɗe shagon kaina a shekarar da Senegal ta doke Faransa, 2002.

A rediyo abin ya fara shiga raina. A 1989 matasan Najeriya suka haɗu da Tarayyar Sobiyet a Dammam ta Saudiyya, aka zura mana huɗu babu ko ɗaya. Yayyena suka watse, Baba kuwa, wanda ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, bai motsa daga kan tabarmarsa ba. Ya ce da ni, "Zauna, yaro. Ba a tashi sai alƙali ya hura tashi." Muna zaune aka farke huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, aka kuma ci su a bugun fenariti.

Talabijin kuwa ta maƙwabcinmu ce, abokin aikin Baba, Kirista ɗan Binuwai. Gidan haya ɗaya muke. Ranar wasa sai ya fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan tebur, ga wata ƙarama marar kala da batirin mota a gefe saboda ɗaukewar wuta. Matarsa da iyayenmu mata suna bakin ƙofa, mu yara a ƙasa. A nan na ga Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya ya shige raga ya riƙe ta yana ihu. Su Baba ba baƙo suke kallo ba, domin haifaffen Kaduna ne, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya taso. Da Roberto Baggio na Italiya ya farke mana saura minti biyu a tashi, sannan ya ƙara da fenariti, tuwon daren ranar haka ya kwana a kwano.

Amma gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ita ce tamu. Daniel Amokachi, Celestine Babayaro, Tijjani Babangida, Garba Lawal, duk 'yan garin nan ne, akwai waɗanda suka yi ƙwallon layi da su a unguwa. Wasan Brazil cikin dare aka yi shi. Da aka tafi hutun rabin lokaci suna da uku muna da ɗaya, rabin tsakar gidan suka tafi barci, don da asuba akwai aiki. Ni maganar Baba ta riƙe ni. Ikpeba ya ci na biyu, Kanu ya farke a minti na 90, ya dawo a ƙarin lokaci ya ci ƙwallon zinare, wadda da an ci ta wasa ya ƙare. Waɗanda suka kwanta ihu ne ya tashe su, wasu ko takalmi babu. Maƙwabcin nan ya rungume Baba suna tsalle, dattawa biyu masu furfura. Bayan kwana uku aka ci Ajantina 3 da 2, 'yan acaba suka cika titi da hon har gari ya kusa wayewa, ba wanda ya tambayi wani sunansa ko addininsa.

Wasan ƙarshe da muka kalla a wannan tsakar gida shi ne na 13 ga Fabrairun 2000, kofin Afirka a Legas, da Kamaru. Aka tashi biyu da biyu, aka tafi bugun fenariti, bugun Ikpeba ya daki ƙarfe ya haye layi, alƙali ya ce bai shiga ba. Muka kwana muna jin an zalunce mu tare. Mako guda bayan haka rikici ya ɓarke a Kaduna. Maƙwabcinmu ya kwashe iyalinsa ya koma ƙetaren kogi, kamar dubban mutane, wasu kuma suka tsallako nan. Har yau idan aka ambaci wasan nan, motar da ta kwashi kayansu nake gani, talabijin ɗin a naɗe cikin bargo. Da Sunday Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe na kofin Afirka a 2013, wayata ta yi ƙara, na ɗauka sai na ji muryar maƙwabcin nan, ta tsufa, yana cewa, "Ɗana, kana gani?"

Daga nan zamanin gidajen kallo ya zo: rumfar kwano, bencina, janareta, a biya a ƙofa. Na ji daɗinsu, amma a can na gane bambancin ƙwallon kulob da ta ƙasa. Ranar Chelsea da Manchester United, abokai kan yi kwana biyu ba sa gaisawa. Ranar da Suarez na Uruguay ya tare ƙwallon Ghana da hannu a 2010, Asamoah Gyan ya buga fenariti a ƙarfe, duk rumfar baƙin ciki ɗaya muka yi, alhali yawancinmu ba mu taɓa taka Accra ba.

Gasar kofin duniya ta 2014 ta zo da nauyi. Bam ya tashi a wurin kallo a Damaturu ana wasan Brazil da Meziko, mutane suka rasu, sai ya zama ana laluben kowa a bakin rumfa, iyaye suna hana 'ya'yansu fita. Ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Ajantina a shago na gan su, ƙofa a saye. Ga azumi ya kama, ɗinkin Sallah ya taru. Wasanmu da Faransa ƙarfe biyar na yamma aka fara, ƙwallo ta biyu ta shiga ragarmu gab da kiran Magariba, muka sha ruwa da dabino ba mai magana.

A wannan shekarar na kafa wa shagona ƙa'ida, kuma har yanzu a kanta muke. Ba a yanka yadi ana wasa, domin shaddar mutane amana ce, almakashi kuma ba ya son ido biyu. Kayan da aka yi alkawarinsu a gama su kafin a take. Idan aka kira salla, a rage murya a tashi, ƙwallon da aka ci za a maimaita ta.

Yanzu kowane yaro da wayarsa, yana iya kallo shi kaɗai a ɗaki, ni kuma ban yarda wannan kallo ne ba. Duk ranar da Najeriya ke wasa nakan fito da talabijin ƙofar shago, in jera benci, ba na karɓar ko sisi. Daren 11 ga Fabrairun 2024, wasan ƙarshe na kofin Afirka, har mai shayi da masu gadin layi sun zo. Troost-Ekong ya fara ci da ka, Kessie ya farke, Haller ya ba Kwaddibuwa na biyu saura minti tara. Wani almajirina ya miƙe zai tafi, na riƙo hannun rigarsa na zaunar da shi. Ba a farke ba, muka kwashe bencinan tare, da safe ya zo ya ɗora wuyan rigar da ya bari.