Yoyon baƙin mai a tsohuwar Hilux mai injin 22R

Motar Hilux ce ƙirar 1990, mai injin fetur na 22R, silinda huɗu, lita 2.4, irin mai kafireto. Tana neman cikon baƙin mai kusan lita 1 duk mako, kuma duk inda ta kwana sai ta bar shaida a ƙasa, daidai mahaɗar inji da giyabos. Mai ita ya zo da hukuncinsa a hannu: "Malam, an ce sil ɗin baya ne, sai an sauke giyabos." Na ce, "Alhaji, bari mu wanke ta tukuna." Sauke giyabos aiki ne na wuni guda da kuɗin hannu mai nauyi, alhali a wannan injin akwai wurare da dama da ke turo mai zuwa daidai nan ba tare da sil ɗin baya, wato zoben robar da ke tare mai a bayan inji ta wajen giyabos, ya yi laifin komai ba.

Dalili shi ne injin a zaune yake da ɗan kishingiɗa zuwa baya, fanka tana hura iska baya, iskar hanya ma baya take tura komai. Man da ya fito daga gaba ko daga sama sai ya bi jikin inji ya gangara, ya taru a wuri mafi ƙasa kafin ya ɗiga. Kamar yoyon kwanon rufi ne, inda ruwa ke sauka a ɗaki ba nan hudar take ba.

Na fara da tabbatar da irin man. Na dangwalo shi da yatsa na shinshina: man giyabos yana da kauri da wari irin na farar wuta, wannan kuwa baƙi ne mai ƙaurin inji. Na kuma tsaya bayan salansa aka taka totur, babu shuɗin hayaki. Ke nan zuba yake yi, ba ƙonewa ba.

Sai wanki, kuma a nan rabin aikin yake. Ƙurar hunturu da mai sun haɗu sun zama taɓo mai kauri tun daga fuli, wato faifan da bel ke zagayawa a gaban inji, har giyabos, ba abin da ido zai gane a cikinsa. Bayan inji ya huce na ɗaure distiributa da altaneta da bakin kafireto da leda, na kankare taɓon, na bi da kalanzir da buroshi, sannan ruwan sabulu. Fetur ba abin wankin inji ba ne ko da mutane sun saba, tartsatsi ɗaya daga wayar batir ya isa. Da ya bushe ƙayau, na barbaɗa farar hoda a duk wuraren da nake zargi: kewayen murfin bawul, gindin distiributa, ƙasan fuli, gindin filta, suwicin mai da ke kusa da filtar, famfon fetur da ke jikin tof silinda, wato ƙarfen da ya rufe saman silindojin, da leɓen botom filet, wato kaskon da mai ke taruwa a ƙasan inji. Na shimfiɗa kwali a ƙasa, na tada inji ya yi minti 20, rabi a silo ba a taka totur ba, rabi da ɗan wuta kamar juyi 2,500 a minti. A kan hoda, sabon mai yana fitowa a matsayin siririn baƙin layi, kuma abin da ake nema shi ne wuri mafi tsayi kuma mafi gaba da layin ya faro.

Layi biyu suka fito. Na farko sai da tocila da ɗan madubi na gan shi, a ƙeyar tof silinda, tsakanin inji da jikin mota inda hannu da ƙyar yake shiga. Daga can ya gangaro ta kan gidan kuloci har ƙasa, ya ɗiga daidai inda ake cewa sil ɗin baya. Na biyu a gaba yake, bayan fulin karanshaf: mai na fitowa, fuli na watsa shi, har cikin fambel ya jiƙe.

Kafin in kwance komai na zare bawul ɗin PCV daga saman murfin. Ɗan ƙaramin abu ne da ke barin inji ya sake zuƙe iskar da ke ɓullewa ta gefen fistin, ya ƙone ta. Lafiyayye in ka girgiza shi za ka ji yana kaɗawa, kuma iska tana bi ta gefe ɗaya kawai. Wannan shiru ya yi, dauɗa ta daskare a ciki, tiyonsa kuma ya ƙage. In hanyar nan ta toshe, iskar tana taruwa ta matsa wa kowane sil da gaskit, sai mai ya nemi mafi rauni ya fita. Shi ya sa ake canja sil sau biyu sau uku a mota ɗaya ana zagin kayan kasuwa, alhali abin da ke ture shi yana nan. Na sa sabon bawul da robar gindinsa da tiyo. Na kuma cire murfin zuba mai inji na silo: ɗan huci kaɗan ne, ba hayaki mai bugowa ba. Da bugowa yake yi da ƙarfi, da ringi ne suka gaji, kuma babu sil ɗin da zai daɗe a irin wannan injin.

Murfin bawul na 22R noti huɗu ne ke riƙe da shi daga sama, kowanne da wosha mai roba a ƙarƙashi. A gaba da bayan tof silinda kuma akwai wasu robobi biyu masu siffar rabin wata, suna toshe gurbin da aka yanka lokacin ƙera mazaunin kamshaf. Ta bayan ce ta bushe ta tsuke, da na taɓa ta da yatsa sai ta motsa a gurbinta. Gaskit ɗin ma ya yi tauri har yana karyewa, ga alamar an yi ta ƙara ɗaure notin duk sanda aka ga laima. Ƙarin ɗauri ba ya tsayar da yoyo a nan, matse robar yake yi ta baje ta mutu.

Na goge leɓen tof silinda da gurbin rabin watan da tsumma da ɗan tina har babu maiƙo ko kaɗan, domin gam ba ya kama wuri mai maiƙo. Na shafa siririn gam ɗin gaskit a bayan kowane rabin wata, na zaunar da shi daidai da leɓen, sannan ɗigo ɗaya-ɗaya a kusurwoyi huɗun da robar ta haɗu da ƙarfe. Iyakar gam ɗin da ake bukata ke nan. Shi gaskit ɗin a bushe ake sa shi cikin kwarin murfin. Notin kuwa ƙarfin Nm 6 kawai suke so (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), wato yatsu biyu a kan ƙaramar sifana, a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan. Woshoshin roba huɗun nan ma sababbi na sa, don tsofaffin su kansu suna tsatsar mai.

Tunda murfin a buɗe yake, ban mayar ba sai da na haska tocila ta gaban tof silinda na leƙa sarƙar taimin. Injinan 22R na waɗannan shekarun suna da madogarar sarƙa ta roba, kuma ta gefen direba takan karye, sarƙar ta riƙa cin murfin taimin har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gauraya da mai. Wannan tana nan lafiya. Duba minti ɗaya ne, kuma ban ga dalilin da zai sa a buɗe murfin a rufe ba tare da shi ba.

Aikin gaba ya fi cin lokaci. Na cire wayar batir, na juye ruwan lagireto na fitar da shi don samun fili, na kwance fanka da belolin. Babban notin fuli lamba 19 ne, a ɗaure tam. Na sa giya ta biyar, na ja birkin hannu, yaro ya taka birki, na kama shi da soket da dogon bututu. Wasu suna tokare sifana da shasi su buga sitata. Yana kwancewa, amma in sifanar ta goce lagireto ko hannun mutum ne ke biya. Fulin da abin zaro fuli na ciro shi. Kada a buge shi da guduma ko a ɓanɓare shi ta gefe, akwai roba tsakanin cikinsa da wajensa, in ta saki alamar taimin ta tashi daga wurinta.

A wannan injin sil ɗin gaba a jikin famfon mai yake zaune, kuma ba a kan karanshaf kai tsaye leɓensa ke gudu ba, a kan wuyan fulin ne. Na goge wuyan na bi shi da farce, sai farcen ya faɗa wani siririn kwari da ya zagaye shi. Shekaru na ƙura da leɓen sil ne suka ci ƙarfen. Duk sabon sil da aka ɗora a kan wannan kwarin zai riƙe na ɗan lokaci ne ya koma gidan jiya. Mafita uku ce: a sami wani fuli mai lafiyayyen wuya, ko a sa masa siririyar rigar ƙarfe da ake yi don wannan gyaran, ko a zaunar da sabon sil ɗin gaba ko baya da kamar milimita 2 don leɓen ya sauka a wuri mai santsi. Ta ukun dabarar wucin gadi ce. Na fi yarda da ta farko, kuma a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano na samo fulin, na tafi da tsohon a hannu don a gwada kwarin bel da alamar taimin.

Famfon man ma na cire shi, domin a bayansa akwai babban zoben roba da ke bushewa tare da sil ɗin, kuma ganganci ne a zo har nan a bar shi. Notinsa biyar ne, tsawonsu ba ɗaya ba, don haka na zana famfon a kan kwali na soke kowanne a gurbinsa. Na fitar da tsohon sil daga ciki, na buga sabon da soket mai faɗinsa har ya zauna daidai ko'ina, gefen da ke da sifirin yana kallon cikin inji. Na shafa mai a leɓensa, tunda in ya tashi a bushe zai ƙone a juyin farko. Na cusa basilin tsakanin haƙoran famfon don ya ja mai da wuri, na kuma manne sabon zoben a kwarinsa da basilin ɗin don kada ya zame a matse shi. Notin da ke can sama yana ratsa hanyar mai, shi kaɗai ake shafa wa gam a zarensa. Wanda ya manta da wannan zai ga mai na tsatsowa daga kan notin ya ɗauka sil ne bai zauna ba. Da na mayar da fulin na lura ya hau kan ɗan makullinsa, na ɗaure babban notin a Nm 157 da sifanar awo.

Botom filet ban taɓa shi ba. A jiƙe yake da farko, amma hoda ta nuna man sama ne ke wanke shi. Mutane na saurin kwance shi su lafta gam, rarar gam ɗin ta ɓalle ta ciki ta toshe rariyar famfo, a tashi daga yoyo a koma bugun inji. Da a ce bayan wanki mai ya fito daga cikin gidan kuloci alhali ƙeyar tof silinda a bushe take, ko kuloci na zamewa a hawa, to nan ne maganar sil ɗin baya za ta tabbata.

Na juye tsohon man, na sa sabuwar wosha a notin juye, na canja filta bayan na tabbatar robar tsohuwar ba ta manne a jikin inji ba. Na zuba lita 4 na 20W-50, na tada inji ina kallon fitilar mai har ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, na kashe, na jira minti 5, na cika zuwa alamar sama ta geji, jimla kusan lita 4.3. Kada ya wuce alamar, rarar mai ita ma tana matsa wa sil. Fambel ɗin da ya sha mai na canja shi. Aka sake wanki da hoda, aka yi tafiyar kilomita 30 da kaya a baya. Ƙeyar tof silinda da ƙasan fuli duk a bushe. Ɗan gumi kawai ya rage a mahaɗar murfin taimin da tof silinda, wanda bai kai ga ɗiga ba, shi kuma gyaransa sai an buɗe gaban injin gaba ɗaya, don haka na bar shi sai ranar da za a canja sarƙar taimin.