Kafin ka wanke dalar kakarka

Sana'ata duba tsofaffin kuɗin azurfa ce. In raba na gaske da jabu, in faɗi yadda lafiyarsu take, in yanka musu daraja, in ciniki ya faɗa in saya. Ƴar rumfata tana nan Damagaram, ba nisa da Kasuwar Dole. Duk wanda ya shigo da abu ƙulle a bakin zane ko cikin tsohon gwangwanin madara, kusan na san abin da zai fito tun bai kwance ba. Galibi dala ce mai hoton mace, ta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya.

Dalar nan ba baƙuwa ba ce a garinmu. Tun zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayarin raƙuma ke tasowa daga Tarabulus su bi ta Agadas su sauka a unguwar Zango, da ita ake manyan ciniki, wuri kuma na cefane. Faransawa suka shigo a 1899 da dalarsu ta tamma biyar, garin nan ya zama fadar mulkinsu daga 1911 har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Fataken Kano suka kawo sule da fataka na Ingilishi, alhazai suka dawo da riyal ɗin Saudiyya. Shi ya sa in aka buɗe akwatin tsohuwa a unguwar Birni, sai ka tarar da su duka sun haɗu wuri guda.

Rigimar da na fi sha ita ce ta 1780. Yaro zai shigo da waya a hannu, ya ce, "Baba, dubi shekarar. Ta haura shekara ɗari biyu, na gani a intanet miliyoyi ake sayar da irinta." Sai in ce masa, "Zauna tukuna, ɗana." Matar nan ta rasu a 1780, amma da yake ƴan kasuwar Larabawa da Habasha da namu ba su yarda da wata dala in ba ita ba, aka ci gaba da buga ta ba a taɓa shekarar ba. An buga ta a Viyana, an buga a Roma, Landan, Paris, Burusel, Bamingam, har Bombai ta Indiya lokacin yaƙin duniya na biyu. Yau ɗin nan ma gidan buga kuɗi na Viyana yana fitar da sababbi, 1780 ɗin na nan daram. To wadda ke hannunka tana iya zama ta girmi kakan kakanka, tana iya zama ƙanwarka ce. Bambancin yana cikin ƙananan alamu: fasalin harufa, gashin jelar mikiya mai kai biyu da ke bayan dalar, siffar alamar da ke bin bayan shekarar. Wannan karatu ne na shekaru, ba na kallon waya ba.

A wajen kawuna na koya, maƙerin fari ne a Birni, Allah ya jiƙansa. Bai fara ba ni sikeli ba. Ido yake sa ni in rufe, ya ɗora dala a kan ɗan yatsa, ya ƙyasta ta da wata. Ta gaske tana yin ƙara siririya mai tsawo, kamar ta bakin kwanon tasa sabo. Ta dalma ko ta zubi sai ta ce ƙwas ta yi shiru. Ya kan ce, "Kunne ba ya cin hanci." In na yi gaggawar ba da amsa, ya dungure mini kai, ya sake ƙyastawa.

Har yanzu da kunne nake farawa, sannan in juya ta in dubi baki. Dalar Mariya Tereza tana da rubutu a kewayen bakinta, harufan sun taso, IUSTITIA ET CLEMENTIA, da ƴan zane-zane a tsakani. Nan masu jabu suke faɗuwa. Ta zubi za ka ga layin haɗi siriri ya zagaye bakin, ko an goge shi da magagari ya bar sawu, fuskarta kuma da ƴan ramuka na kumfa. Daga nan sai sikeli. Cikakkiya giram 28 ce da ɗan ɗoriya, azurfarta kashi 833 cikin 1000, sauran jan ƙarfe. Wadda ta sha hannu za ta ɗan ragu, amma in na ga ta faɗo giram 24 alhali hotonta garau, na gama da ita. Dalar Faransa ta tamma biyar, ko mai kan Napoliyon na Uku ko mai hoton Harkil, ƙaton tatsuniyar Turawa, tsakanin mata biyu, giram 25 ce, azurfa 900. Riyal ɗin Sarki Abdul'aziz mai shekarar Hijira 1354 ko 1367 bai kai giram 12 ba.

Ƴan jabun yanzu sun waye, suna cika nauyi. Maganaɗisu kuma na ƙarfe kawai yake kamawa, tagullar da aka yi wa rufin azurfa wucewa take. Sai in kawo kofin ruwa, in ɗora a sikeli, in mayar da shi sifiri. In ɗaure dalar da zare, in zura ta cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindi ko gefe ba. Ta gaske za ta nuna wajen giram 2.7 zuwa 2.8. Ta tagulla mai nauyi ɗaya za ta haura 3, don sai an ƙara mata kauri kafin ta kai nauyin azurfa. Ban taɓa yin wannan a gaban mai kaya ba ya ƙara musu. Abin da ke ba ni haushi, waɗannan na jabun a buhu ake shigo da su, a shafa musu baƙi don su yi kama da tsofaffi, a baza a tire a bakin tasha, a sayar wa bayin Allah da sunan kayan gado.

Bayan an tabbata ta gaske ce, sai maganar lafiyarta, kuma nan kuɗin yake. Ina fita da ita bakin ƙofa, hasken hantsi, in riƙe ta ta baki, ba a ɗora yatsa a fuska. Da madubin ƙara girma nake bin wuraren da suka fi tudu, don su hannu ke fara ci. A ta Mariya Tereza, gashin da ke saman kunne, da ƴan duwatsun da suka kewaye maɓallin kafaɗarta. Mutanen dā ma su suke ƙirgawa, in sun shafe su rage mata kuɗi. A ta Napoliyon, ganyen da ke kansa da gashin baki. A sulen Ingilishi, rassan bishiyar kwakwa da kambin Sarki Joji na Biyar. Dillalan Faransa suna da matakansu: B wadda ta sha jiki, TB mai dama-dama, TTB wadda zanenta ya fito sosai, SUP wadda ta fi ta kyau, har FDC wadda ba ta taɓa shiga kasuwa ba. Amurkawa kuma lamba suke ba wa, daga 1 zuwa 70. Dala biyu, shekara ɗaya, gidan bugu ɗaya, ɗaya a saya da nauyin azurfarta kawai, ɗaya a ninka mata sau da yawa. Ƙaramin harafin gidan bugu ma yana magana: A na Paris ne, K na Bordo, BB na Istirasbur, kuma ba yawansu ɗaya ba.

Sule ma a kula. Mai bishiyar kwakwa na azurfa daga 1913 ne zuwa wajen 1920. Bayan nan suka koma ƙarfe mai ruwan ɗorawa. Kwabo mai huji kuwa, duk farinsa, babu azurfa a ciki ko ƙwayar zarra.

Amma wanki, wayyo wanki! Wata hajiya ta kawo mini daloli na mahaifiyarta, suna ta walƙiya. Ta ce, "Malam, jiya na zauna na dirje su da toka da lemun tsami, kada in kawo maka ƙazanta." Na sa madubi na nuna mata, fuskar duk ta cika da ƴan layuka, sheƙin asali na gidan bugu ya tafi, ba kuma ya dawowa. Cikinsu akwai ta Luwi Filip, sarkin Faransa, zanenta cikakke, da an bar ta da duhunta da mai tarawa ya biya da daɗin rai. Na ce, "Hajiya, baƙin nan da kika kankare shi ake saye." Ta riƙe baki. Duhun da shekaru suka ɗora wa azurfa shaida ne cewa ba a taɓa ta ba, kuma ido ya san shi da wanda ƴan tasha ke shafawa: na gaske ya fi taruwa a lungun harufa, yana sauya launi in ka karkata ta.

Wadda aka huda, ko aka liƙa wa kunne don sarƙa, ko aka ɗora a zobe, darajarta wajen masu tarawa ta faɗi. Duk da haka ba na raina ta. In liƙin na tsohon maƙeri ne mai hannu, akan same mata mai so a matsayin kayan ado na gargajiya. Wadda nake baƙin ciki a kanta ita ce wadda aka kai maƙera aka narkar ba a nuna wa kowa ba. Maƙeran fari ƴan'uwana ne, cikinsu na tashi, kuma azurfar dala tana da daɗin aiki. Roƙona dai su bari in duba kafin ta shiga wuta. Wadda ta shafe a narka ta, mai kyau in biya su fiye da nauyinta.

Masu rabon gado ma suna kirana, in je in duba a gaban magada, in ware kowace da matsayinta, kowa ya gani da idonsa. In za ka kawo naka, naɗe kowace ɗaya daban a tsumma mai laushi don kada su goge juna, ka zo da safe. Ranar Alhamis kasuwa na ci, rumfar takan cika, gara ka zaɓi wata rana in kayan da yawa.