Cape Point: kada ka tsaya a tsohuwar hasumiya kaɗai

Yawancin masu zuwa Cape Point, tsinin ƙasar da ke kudu da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, suna hawa har tsohuwar hasumiyar fitila, su ɗauki hoto, su juya. Rabin wurin ke nan suka gani.

Hasumiyar da ke ƙololuwa an gina ta a 1859, fiye da mita 230 daga saman teku. Tsayin nan shi ne aibinta. Hazo da gajimare kan lulluɓe ta, matuƙan jiragen ruwa su kasa hango haskenta. A watan Afrilun 1911 jirgin ruwan Lusitania na Fotugal ya afka wa dutsen Bellows da ke kudu da tsinin ya nutse. Daga nan aka gina sabuwa can ƙasa, mita 87 kacal, aka kunna ta a 1919. Ita ce mafi ƙarfin haske a gaɓar ƙasar, ana hango ta daga nisan kilomita 60 da ɗoriya.

Daga wurin ajiye motoci akwai ƙaramin jirgin dogo da igiyar ƙarfe ke ja, Flying Dutchman. Minti uku ya kai ka kusa da ƙololuwa, sai ka ƙarasa da matakala. Da ƙafa kuwa, minti 15 zuwa 20 ne na hawa. Bayan tashar jirgin ta sama wata siririyar hanya ta bi gefen dutse zuwa inda ake hango sabuwar hasumiyar. Tafiya da dawowa kamar awa guda. Ba ta da wahala, amma in iska ta tsananta, haƙura shi ne wayo, domin ƙarƙashinka ramin dutse ne sai teku.

Iskar nan ita ke ɓata wa mutane shiri. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin zafi a can, iskar kudu maso gabas takan taso da ƙarfi, galibi ta ƙaru da rana. Don haka a yi sammako. Ƙofar shiga wurin na buɗewa da ƙarfe 6 na safe a Oktoba zuwa Maris, ƙarfe 7 a sauran watanni, kuma dole a fita kafin faɗuwar rana, in ba haka ba tara. Kafin ƙarfe 10 motocin yawon buɗe ido ba su cika ba. A zo da riga mai tare iska, takalmi mai riƙe ƙasa, ruwa lita ɗaya da rabi ga kowane mutum, da hula mai igiya, don wadda ba ta da igiya teku za ta ci.

Hanya ta biyu tana tafiya daga wurin motoci zuwa allon da ke ɗauke da sunan Cape of Good Hope, wani tsinin ƙasa da ke kusa, awa ɗaya da rabi tafiya da dawowa. A tsakani akwai matakalar katako fiye da 200 da ke sauka rairayin Dias. Kyau kam akwai shi, amma ban da iyo: ruwan sanyi ƙalau ne, kuma igiyarsa tana jan mutum zuwa ciki. A kuma tuna, hawowar ta fi saukar cin gwiwa.

Sai gwaggon biri. Sun saba da mutane, sun san jakar abinci, har ƙofar mota suna buɗewa. A kulle mota, a ɗaga gilashi, kada a ci abinci a fili. Idan ɗaya ya fizgi jaka, a sakar masa, ba a ja-in-ja da shi. Ba su abinci laifi ne mai tara, kuma birin da ya saba karɓa daga hannu shi ke zama mai kai farmaki.

Wani abu da ake yawan faɗa ba daidai ba: nan ba shi ne ƙarshen kudancin Afirka ba. Wannan matsayi na Cape Agulhas ne, kimanin kilomita 150 kudu maso gabas, inda aka shata iyakar tekun Atlantika da na Indiya.