Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙofar da Safiyya ta ƙi rufewa

Makon jiya na tsaya a saukata Alƙahira. Niyyata yau in ba ku labarin karatu a Azhar, amma maganar gidanmu ta hana ni sakat.

Wata Alhamis wani abokina ɗan Sudan ya ja ni Baitul Umma, gidan Sa'ad Zaglul, jagoran neman 'yancin Masar, da ke unguwar Munira. Ni wallahi don alkawarin ful, dafaffen waken Misirawa, da shayi na bi shi. A can na ji yadda Sa'ad da Ali Sha'arawi da Abdul'aziz Fahmi suka tunkari Wingate, wakilin Ingila, ran 13 ga Nuwamba 1918 da maganar 'yancin Masar. A Maris 1919 Turawa suka kama Sa'ad suka kai shi Malta, ƙasa ta kama da wuta. Matarsa Safiyya ta ƙi rufe ƙofa. 'Yan Wafd, jam'iyyar Sa'ad, suka ci gaba da taro a gidan, ɗalibai da mata masu zanga-zanga nan suke dosa. Ita da Allah bai ba haihuwa ba, ita aka laƙaba wa Uwar Misirawa.

Ina tsaye gaban teburinsa, sai ga zaurenmu a idona. Bayan isha'i 'yan NEPU kan cika shi, fitilar ƙwai ɗaya, tabarmar kaba duk ta zazzage. Sau biyu 'yan doka suka tafi da Baba, ya dawo da shatar bulala a gadon baya. Washegari Gwaggo ta share zauren, ta cika randa. Ta ce, "Ƙofar da aka buɗe wa jama'a, mai gida ma ba shi da ikon rufe ta."

To, Baffa ya rufe ta. Ina Masar ya sayar da gidan, ko wasiƙa bai aiko mini ba. Da na dawo na ce, "Baffa, ashe har zauren?" Ya ce, "Kai yaro, zaure ake ci?" Ya riga mu gidan gaskiya, na yafe masa, amma 'ya'yansa da ke cewa Gwaggo ta sa hannu su ji tsoron Allah. Matar da ta faɗi waccan magana?

Safiyya ta zauna a gidanta har rasuwarta a 1946, ga kabarin Sa'ad a tsallaken titi. Namu kuwa, bara na bi ta layin da jikana. Inda randar Gwaggo take, wani yaro ne ke facin taya.