Ranar kemo: a sa magani ko a ɗaga?

A sashen masu ciwon daji, shawarar da aka fi yankewa ita ce ko jikin majiyyaci zai ɗauki kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, yau. Ranar da aka rubuta a kati ba ta isa hujja ba.

Awon jini ake fara dubawa. A yawancin magunguna ana son fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutrofil su kai 1,500, masu daskarar da jini kuma 100,000 a kowace maikurolita ta jini. In sun gaza, sai a ɗaga mako guda a sake awo. Maganin kemo na Cisplatin na taɓa ƙoda, dole a duba aikinta tukuna. Doxorubicin kuwa, wani maganin kemon, tara lissafinsa ake yi tun daga allurar farko, domin in jimilla ta kai wajen miligiram 450 zuwa 550 a kan kowace murabba'in mita ta jiki, zuciya na iya raunana.

Sai dai awo ba ya nuna yadda mutum ya shigo, da ƙafarsa ko riƙe shi aka yi. Nas ce ke ganin wannan. Kuma "ya jiki?" tambaya ce da amsarta ba ta wuce "da sauƙi", ko da mutum ya kwana yana amai. Gara a ce: Baba, a tsaye kake sallah ko a zaune? Sau nawa ka ci abinci jiya? A ma'aunin ECOG, na auna ƙarfin jikin majiyyaci, wanda ke kwance fiye da rabin yini yana mataki na 3, kuma sau da yawa kemo mai ƙarfi cutarsa ta fi amfaninsa ga irinsa.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo garkuwar jiki ke faɗuwa ƙasa. Zafin jiki ya kai 38 a wannan tsakanin, gaggawa ce: a ɗebi jini, a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya, ba tare da jiran sakamako ba. Inda ake tafka kuskure a wajenmu shi ne a ce maleriya ce, a sha farasitamol a kwanta. Zafin ya sauka, cutar na ci gaba a cikin jini. A gwada maleriyar, amma kada gwajin ya jinkirta allurar.

Shi ya sa kafin sallama ake koya wa mai jinya auna zafin jiki, a rubuta masa lambar da zai kira ko da tsakar dare ne.