Mako na uku da sensar oksijin: ashe ba laifin mai ba ne

Salam 'yan uwa masu koyo. Kun san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya koma lissafin lita, ni ma haka, tsohuwar Corolla ɗina da a da take ba ni wajen kilomita 11 a lita ta dawo 8 da ƙyar, kuma abin da na fara kawowa a raina shi ne an gauraya fetur ɗin da wani abu. Ban manta wahalar gurɓataccen man nan mai metanol na Fabrairun 2022 ba.

To sai na zauna na yi karatun itanol sosai, wato wani sinadarin da ake gaurayawa da fetur. Fetur zalla yana son iska kashi 14.7 a kan kashi 1 na mai kafin ya ƙone tas, itanol kuwa wajen 9 ne kawai don shi da kansa yana ɗauke da oksijin a jikinsa. In aka haɗa kashi 10 cikin ɗari, wato E10 irin wanda ake sha a yawancin gidajen mai na Amurka inda motocinmu na tokumbo da yawa suka fito, lissafin yana saukowa kusan 14.1, sensar oksijin da ke bututun hayaƙi ta ga oksijin ya yi yawa a hayaƙi, ta gaya wa biren bos, wato kwamfutar motar, shi kuma ya ƙara wa injekta lokacin feshi. Shi ya sa mota ke ɗan ƙara sha. Amma ɗan ƙarin nan wajen kashi 3 ne cikin ɗari fa, tunda ƙarfin itanol a lita bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tawa asarar ta haura kashi 25, ai itanol ba zai ɗauki wannan ba ko da akwai shi a tankin.

Ranar Asabar na jona ƙaramar sikana ta ELM327, na'urar karanta matsalar mota, a ƙasan sitiyari na haɗa da waya. Lambar P0171 ta fito, ma'ana injin yana ganin mai ya yi kaɗan, kuma gyaran da biren bos ke yi na dogon lokaci ya kai +19, wato ƙarin mai kashi 19 cikin ɗari. Na bar injin ya yi zafi, don wannan sensar ba ta magana sai ta haura digiri 300, sai ga layin karatun sensar yana hawa yana sauka tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt, amma ya fi daɗewa a ƙasa. Wallahi na ji daɗin ganin layin nan yana motsi a wayata.

Har na ɗauko sifana 22 zan kwance sensar, oga na gareji ya ce dakata yaro, kawo hannunka nan. Kusa da inda salansa ta haɗu da injin, sama da sensar kaɗan, ga baƙin hayaƙi ya zana layi a kan ƙarfe, ana jin fis fis a tafin hannu. Gasket ne ya ƙone. Iskar waje na shiga ta wurin, sensar tana faɗin gaskiyar abin da ta shinshina, biren bos kuma yana ta zuba man da injin bai nema ba. Fulogi huɗun duk sun yi baƙi ƙirin.

Mun canza gasket, na goge lambar, bayan kwana huɗu +19 ta sauko +4. Cikon tanki na farko ya ba ni 10 da ɗoriya.

Wanda tasa motar sabuwa ce ya kula, sensar gaba ta Toyota ta zamani wata iri ce, tana tsayawa wajen bolt 3.3 ne ba ta hawa da sauka, kar ka ce ta mutu. Mako mai zuwa zan duba sensa ta biyu da ke bayan indomi, wato matatar hayaƙin mota, don ina zargin mai motar na farko ya fasa ya kwashe cikinsa, zan kawo muku abin da layin ya nuna in sha Allah.